Yadda Za Ka Zaɓi Wurin Koyon Aikin Akanta a Legas, Mataki Bayan Mataki

Tambaya ɗaya ce matasanmu na Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Obalende ke ta maimaita mana, haka ma waɗanda bautar ƙasa ta kawo Legas daga Kano, Zariya ko Sakkwato: na gama karatun akanta, ko ina tsakiyar jarrabawar ƙwarewa, wane wuri zan shiga in koyi aikin? Yawanci tambayar ba ta ƙarewa sai an haɗa da “ina ne aka fi biya?” Albashi yana da muhimmanci a garin da haya da kuɗin mota ke cinye rabin aljihu, za mu kuma lissafa shi a mataki na 7. Amma abu biyu ne ke yanke hukuncin shekaru ukun da za ka yi kana koyo: wa zai sa hannu a takardarka cewa ka yi aikin, kuma wane aiki za a bari hannunka ya taɓa. Sauran matakan duk hidima suke yi wa waɗannan biyun. Da “ka” muka yi magana don sauƙi, amma bayanin na mace ne da namiji.

1. Tsayar da takardar da kake nema

Kada ka aika CV ko’ina kafin ka san inda ka dosa, domin kowace cibiya da irin shaidar aikin da take karɓa.

ICAN ita ce cibiyar ƙwararrun akantoci ta Nijeriya da dokar 1965 ta kafa, hedikwatarta na titin Idowu Taylor a Victoria Island, tana kuma da ofis a titin Murtala Muhammed a Ebute Metta, wanda ya fi kusa da mutanen Agege da Idi-Araba. Jarrabawarta hawa uku ce, kuma mai digiri ko HND a fannin akanta daga makarantar da ta amince da ita ana yafe masa wasu darussa. Wanda ke da takardar sakandare kawai yana iya farawa ta ATSWA, jarrabawar ƙananan akantoci, wadda ake rubutawa a Maris da Satumba. ANAN, wata ƙungiyar akantoci ta ƙasa, tana bi ta kwalejinta da ke Kwall kusa da Jos, bayan nan sai shekara biyu na horon aiki ƙarƙashin ƙwararre. ACCA cibiyar akantoci ce ta Ingila, da fam ake biyan kuɗinta, tana buƙatar wata 36 na aiki da cika manufofin aiki guda tara da wani ƙwararren akanta zai tabbatar. Mai sha’awar haraji zalla kuma yana da CITN, cibiyar ƙwararrun haraji, a Alausa.

Gargaɗi: takardar ACCA ita kaɗai ba ta ba ka damar sa hannu a rahoton odita, wato binciken lissafi, na kamfanin Nijeriya. Sai ka zama mamban ICAN ko ANAN kuma ka karɓi lasisi. In burinka shi ne wata rana ka koma Kano ko Kaduna ka buɗe ofishinka, ka san wannan tun yau, domin lasisin yana buƙatar shaidar cewa ka yi kimanin shekara uku a ofishin odita mai lasisi. Shekara goma a sashen kuɗi na kamfanin siminti ba za ta maye gurbin wannan ba.

2. San ire-iren wuraren da ke ɗauka

A Legas wuraren koyo kashi huɗu ne, kuma kowanne irin akantan da yake fitarwa daban.

Na farko manyan nan huɗu: KPMG, PwC da Deloitte a Victoria Island, sai EY a Marina. Suna ɗaukar sabbin masu digiri rukuni-rukuni, da jarrabawar gwaji ta intanet, sannan ranar tantancewa, sannan ganawa da manya. Galibi suna neman sakamako mai daraja ta biyu ta sama, da takardar kammala bautar ƙasa, kuma sukan sa iyakar shekaru, don haka wanda yajin aikin jami’a ya ci wa lokaci ya karanta sanarwar da kyau kafin ya ɓata kwanakinsa. Horonsu tsararre ne, sunansu kuma yana buɗe ƙofa har ƙasashen waje. Abin da ya kamata ka sani shi ne aikin a rarrabe yake. Kana iya shekara guda a binciken bankuna kana duba sashe biyu ko uku na lissafi, ba ka taɓa ganin yadda ake haɗa rahoto daga farko zuwa ƙarshe ba.

Na biyu matsakaita, irin su BDO, Grant Thornton, PKF, Baker Tilly da SIAO. A ganinmu nan ne mafi yawan matasanmu ya kamata su fi sa ido, kuma nan ne suka fi mantawa. Suna da tsari da littafin aiki kamar manya, amma tawagar da ake turawa wurin abokin hulɗa ƙarama ce, mutum uku ko huɗu, saboda haka tun shekararka ta biyu za a iya damƙa maka ƙaramin kamfani ka bi shi daga rasit har rahoto.

Na uku ƙananan ofisoshi, mai abokin tarayya ɗaya ko biyu, a hawa na biyu na wani bene a Ikeja, Yaba, Surulere ko Apapa. A nan ake samun mafi kyawun koyo, a nan kuma ake samun mafi muni. In ka dace da oga mai son koyarwa, cikin shekara biyu za ka iya haɗa lissafin kamfani, ka shigar da haraji, ka zauna da jami’in LIRS, hukumar harajin jihar Legas, ka kare alƙaluma. In ba ka dace ba, za ka zama ɗan aike mai digiri: fotokwafi, layin banki, kai takarda Alausa. Matakai na 3, 4 da 5 saboda irin waɗannan ofisoshin muka fi tsawaita su.

Na huɗu sashen kuɗi na kamfani: masana’antun Ikeja, Ilupeju da Agbara, kamfanonin fito da kaya a Apapa, bankuna, asibitoci, manyan kantuna. Albashin farko yakan ɗara na ƙaramin ofishin odita, lokacin tashi ma ya fi tabbas ban da ƙarshen wata. Za ka ƙware a biyan ’yan kwangila, albashi, lissafin kaya da kasafi, amma ba za ka koyi odita ba.

Akwai na biyar da ba a rubutawa a littafi, kuma mu ya fi shafa. Wani Alhaji ɗan uwa mai harkar canji, ko tirela, ko shanu, ko hatsi a Mile 12, zai ce zo ka riƙe mini lissafi, ai ka yi boko. Kuɗin zai iya fin na kowa, ga abinci ga wurin kwana. Amma in babu ƙwararren akanta a samanka, ba mai gyara maka kuskure, ba kuma mai sa maka hannu. Ka riƙe masa littafi ranar Asabar in kana so, kada ka mai da shi wurin koyonka.

3. Tantance ofishin kafin ka kai takarda

Wannan aikin yini ɗaya ne da waya da data.

Fara da shafin binciken CAC, hukumar rajistar kamfanoni: rubuta sunan kamfanin ka ga ko yana da rajista, da lambarsa, da adireshinsa. Sai ka nemi sunan mai ofishin, ka tabbatar a wurin ICAN ko ANAN cewa mamba ne kuma yana da lasisin aiki. Harufan ACA ko FCA, CNA ko FCNA a katin mutum suna nuna mamba ne kawai, lasisi abu ne daban. Na uku, duk akantan da ke sa hannu a rahoton kuɗi yana da lambar rajista ta FRC, hukumar kula da rahoton kuɗi da dokar 2011 ta kafa, kuma lambar tana fitowa ƙarƙashin sa hannunsa. In ofis ya ce yana binciken kamfanonin da ke kasuwar hannun jari, buɗe rahoton shekara na ɗaya daga cikinsu, a fili yake a intanet, ka duba shafin odita ka ga sunan wa ke wurin.

Bayan nan ka je da ƙafarka, gani ya kori ji. Ranar aiki da misalin ƙarfe goma, ka duba akwai allon suna, akwai ma’aikata a kan tebur, akwai wuta ko janareta. In ofishin odita ya yi tsit a watan Fabrairu saboda kowa ya fita wurin abokan hulɗa, alama ce mai kyau. In ya yi tsit saboda kowa na zaune yana latsa waya, to babu aiki, kuma inda babu aiki babu koyo.

Gargaɗi: saƙon tes da ke gayyatarka intabiyu gobe da safe, ba sunan kamfani, ba ka kuma tuna ka nemi aikin ba, ka share shi. Legas cike take da masu tara matasa a ɗaki su karɓi “kuɗin fom” ko “kuɗin horo”, ko su ɓige da tallar magani. Ofishin akanta na gaskiya ba ya karɓar ko sisi daga mai neman aiki. Duk inda za ka je intabiyu, ka bar adireshin a hannun wani na gida.

4. Gano wanda zai sa maka hannu

Nan ne zuciyar maganar. Kamfani ba ya koyar da kowa, mutum ne ke koyarwa. Tambayar da za ka yi a fili ita ce: wane ne zai duba aikina kullum, wace takarda gare shi, kuma shi ne zai cike mini fom ɗin shaidar aiki?

Ga ACCA, mai tabbatar da manufofin aikinka dole ya zama ƙwararren akanta, mamban cibiyar da IFAC, tarayyar cibiyoyin akanta ta duniya, ta sani, kuma ICAN da ANAN duk suna ciki. Dole kuma ya san aikinka da idonsa. In shugabanka na kai tsaye ba shi da takarda, zai iya tabbatar da watannin da ka yi, amma manufofin sai an samo ƙwararre, misali oditan da ke zuwa binciken kamfanin. A daidaita wannan tun kafin ka fara. ACCA tana kuma da jerin kamfanonin da ta amince da horonsu, ka tambaya ko suna ciki. Ga ICAN da ANAN, ka je ofishinsu ka karɓi ƙa’idar shaidar aiki ta wannan shekarar, ka riƙe ta a hannu lokacin da kake magana da kamfanin, don kada a yi ta kan zato.

Sai ka auna mutumin kansa. Yara nawa ne a ƙarƙashinsa? Mai kula da mutum huɗu zai zauna da kai ya nuna maka dalilin da ya sa alƙalumanka ba su daidaita ba, mai kula da ashirin sai dai ya jefo maka fayil ya ce a sake. Kwana nawa yake zama a ofis? Akwai ogan da sunansa ne kawai ke allo, shi yana Abuja wurin neman kwangila, ofishin yana hannun wani da bai gama jarrabawa ba. Tambaya mafi amfani ita ce: a shekaru uku da suka wuce, yaransa nawa suka gama jarrabawa suna tare da shi, kuma ina suke yanzu? Malamin kirki zai lissafo su da suna yana murmushi. Wanda ya fara kame-kame ya riga ya ba ka amsa.

Gargaɗi: kada ka yarda da “za mu sa maka hannu a ƙarshe gaba ɗaya”. Mutane suna barin aiki, suna ƙaura zuwa Kanada, ana saɓawa, ana rasuwa. A riƙa sa hannu duk wata uku, ko aƙalla duk wata shida.

5. Tambayi aikin da hannunka zai taɓa

Kada ka gamsu da “za ka koyi komai”. Nemi a faɗa maka aikin wata shida na farko da sunansa. Ga ma’aunin da za ka gwada amsarsu da shi.

A shekarar farko ya kamata ka iya daidaita littafin kamfani da takardar banki kai kaɗai. Abin yana da sauƙin faɗa: littafi ya ce akwai naira miliyan huɗu da dubu ɗari biyu, banki ya ce miliyan uku da dubu ɗari tara da hamsin, kai kuma za ka bi layi-layi da biro har ka gano cakin da aka rubuta ba a kai banki ba, da cajin da banki ya cire ba a shigar ba, da kuɗin POS na ranar 31 da bai faɗo ba sai ranar 2 ga wata. Wanda ya yi wannan sau goma sha biyu ƙarƙashin mai duba shi ya fara zama akanta. Haka nan ka iya bin kowane biya zuwa rasit ɗinsa da takardar amincewa, ka haɗa jadawalin albashi, ka riƙe rajistar kadarori da lissafin raguwar darajarsu.

Ya kamata kuma a tura ka ƙidayar kaya. Ranar 31 ga Disamba ko farkon Janairu za ka tsinci kanka a sito a Apapa ko Ikeja, da takardar ƙidaya a allo, kana hawa kan buhuna. A nan ake koyon abin da ba ya cikin littafi: ka sa a sauke katan na tsakiya a buɗe, domin na gaba kullum cike yake, ka ware kayan da suka lalace ko wa’adinsu ya wuce, ka rubuta lambar takardar shigar kaya ta ƙarshe da ta fitar kaya ta ƙarshe don kada a cusa cinikin Janairu cikin Disamba. Ofishin da ba ya tura yaransa sito yana hana su rabin sana’ar.

Sai haraji, wanda shi ne abincin yau da kullum a Legas. Harajin albashi ana kai wa LIRS kafin 10 ga wata mai bi, rahotonsa na shekara kafin 31 ga Janairu. VAT, harajin da ake ɗorawa kan kaya da hidima, da ke kashi 7.5 cikin ɗari tun 2020, kafin 21 ga wata. Harajin kamfani cikin wata shida bayan rufe shekara, wato 30 ga Yuni ga masu rufewa a Disamba. Dokokin haraji da aka sa wa hannu a 2025 sun sauya abubuwa da dama, har hukumar harajin tarayya FIRS ta koma NRS, don haka ka tambaya ko ofishin ya zaunar da ma’aikatansa ya karantar da su sabon tsarin. In bai yi ba, tsohon ilimi za ka kwasa.

Tambayi manhajar da suke aiki da ita. Excel dole ne ko’ina. Ƙananan kamfanoni Sage, QuickBooks ko Tally, manya SAP ko Oracle, ofisoshin odita da yawa CaseWare. Ka kuma ji ko za a ba ka kwamfuta ko da taka za ka zo, domin wannan kuɗi ne mai kauri da ba a faɗa sai ranar farko.

Gargaɗi: a sashen kuɗi na kamfani, nemi alkawarin juyawa tsakanin tebura. Wanda aka ajiye a teburin biyan ’yan kwangila shekara uku, shekara ɗaya ya koya ya maimaita ta sau uku.

6. Karatu, jarrabawa da sharaɗin zama

Jarrabawar ICAN da aka saba tana zuwa a Mayu da Nuwamba, ta ACCA a Maris, Yuni, Satumba da Disamba. Lokacin matsin aikin odita kuwa daga Janairu ne zuwa ƙarshen Maris, domin kamfanonin kasuwar hannun jari suna da kwana 90 su miƙa rahoto, sannan matsin haraji ya ɗauka har Yuni. Ka ga ke nan shirin jarrabawar Mayu yana faɗawa tsakiyar wutar. Saboda haka ka yi tambayoyi huɗu, kuma ka rubuta amsar: kwana nawa ake bayarwa hutun karatu kafin kowace jarrabawa, kuma da albashi ko babu? Wa ke biyan rajista, kuɗin jarrabawa da na lesin? In an faɗi darasi, ana sake biya ko kai za ka ɗauka, kuma sau nawa ake haƙuri kafin abin ya shafi aikinka? Ana aiki Asabar da Lahadi? Cibiyoyin lesin na Yaba, Ikeja da Surulere ƙarshen mako suke karantarwa, wanda ke ofis duk Asabar ya yi asarar kuɗinsa.

Kamfanin da ya biya maka karatu yakan sa sharaɗin sai ka zauna shekara kaza bayan ka gama, ko ka mayar da kuɗin. Wannan ba zalunci ba ne in an rubuta adadin a fili kuma yana raguwa da kowace shekarar da ka yi. Abin gudu shi ne sharaɗin da ba shi da adadi, ko wanda ya ninka abin da aka kashe maka.

Gargaɗi: kada ka bar asalin takardar digirinka ko ta bautar ƙasa a hannun kowane kamfani da sunan jingina. A gani, a yi fotokwafi, a mayar maka a ranar. Fom ɗin garanto kuwa abu ne da aka saba a aikin kuɗi, amma ka karanta wa wanda zai tsaya maka abin da ya ɗauka wa kansa kafin ya sa hannu, musamman in dattijo ne da ba ya karanta Turanci.

7. Lissafa albashi tare da hanya

Kai mai koyon akanta ne, fara da kanka. Adadin da ke takarda ba shi ke shiga asusu ba. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 daga gare ka, kamfani ya ƙara kashi 10, a zuba a asusunka na fansho cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Sai harajin albashi. Nemi a faɗa maka abin da zai faɗo hannunka a wata, da ranar da ake biya. Don ka samu abin aunawa: mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun 2024, jihar Legas ta sa nata 85,000, alawus ɗin bautar ƙasa kuma 77,000. Ofishin da ke son mai digiri ya yi masa aiki daga safe zuwa dare a ƙasa da haka da sunan “ai koyo kake”, ka yi masa kallo biyu.

Yanzu cire hanya. A ce, don misali, wuri ɗaya a Victoria Island zai ba ka 200,000, wani a Ikeja 160,000, kai kuma kana Agege. In zuwa da dawowa tsibiri na cin 3,500 a rana, kwana 22 ya kama 77,000. In Ikeja na cin 1,200, ya kama 26,400. Na Ikeja ya riga ya wuce gaba, tun ba a sa awannin da za ka ƙone a gosulon gadar Third Mainland ba, waɗanda su ne awannin karatunka. Sa naka alƙaluman na gaskiya, kuma hanyar samunsu ɗaya ce: ka bi hanyar da kanka ranar Litinin da asuba, ka dawo da ƙarfe shida na yamma.

Jirgin ƙasa ya sauya lissafin wasu unguwanni. Jan layi yana tashi daga Agbado ya bi Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba zuwa Oyingbo. Shuɗin layi yana haɗa Mile 2 da Marina. Mutumin Mile 12 yana da BRT har TBS. Duk da katin Cowry ake shiga. Amma ka tuna ɗan odita ba a ofis yake yini ba, inda abokin hulɗa yake nan ake tura shi, yau Apapa, wata mai zuwa Agbara ko Lekki. Tambayi ko ana biyan kuɗin motar fita aiki, da na kwana in an tura ka wajen gari, kuma kafin tafiya ake bayarwa ko sai ka dawo ka cike fom. Ka kuma ji ko akwai inshorar lafiya.

8. Sallah, azumi, sutura da harshe

Yi wannan maganar tun a intabiyu, cikin ladabi, ba bayan ka fara ba. Yawancin ofisoshin Legas sun saba da Musulmi, Yarbawa Musulmi suna ko’ina a wannan sana’a, kuma fita Juma’a ba baƙon abu ba ne. Abin da kake so ka ji shi ne ko akwai ɗan wurin da za ka yi Azahar da La’asar, da masallacin Juma’a mafi kusa. A ’yan shekarun nan azumi yana faɗowa cikin Fabrairu da Maris, tsakiyar matsin aiki, don haka ka ji yadda suke yi da masu buɗa-baki a ofis. Hutun Sallah na gwamnati galibi kwana biyu ne, ba zai kai ka Katsina ya dawo da kai ba, sai ka haɗa da hutunka na shekara kuma ka nema da wuri.

’Yar’uwa, ki je intabiyu da irin shigar da za ki riƙa zuwa aiki da ita, hijabinki ko ɗankwalinki, don a san ki a haka tun ranar farko. Ki tambayi ƙarfe nawa ake tashi a watannin matsi, ko ana samar da mota ga wanda dare ya yi wa, da yadda ake tsara masauki in aiki ya kai tawaga wani gari.

Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da aikin bankin ruwa ba, akwai bankunan da ba sa mu’amala da ruwa kamar Jaiz, TAJ da Lotus, kuma a ofishin odita yana iya roƙon a sa shi ɓangaren masana’antu ko haraji. Hausarka kuma kada ka ɓoye ta a CV. Ofishin da ke da abokan hulɗa a Kano, Kaduna ko cikin ’yan kasuwarmu na Legas yana buƙatar wanda zai zauna da mai sito ya fahimci littafinsa.

9. Ji daga bakin waɗanda suka riga ka

Matambayi ba ya ɓata. Nemi mutum biyu: wanda ke ciki yanzu, da wanda ya bar wurin. Na biyun ya fi sakin baki. Ana samunsu a LinkedIn, a ajin lesin, da tarukan rassan ICAN na Ikeja da Legas. Kada ka ce “yaya wurin yake?”, za a ce maka lafiya lau. Ce masa: yaushe aka biya albashin watan jiya? Hutun karatun da aka yi alkawari an ba ka shi cikakke? Wa ya duba fayil ɗinka na ƙarshe, me ya gyara? An taɓa sa ka canza adadi ko kwanan wata don abokin hulɗa ya ji daɗi?

Gargaɗi: in amsar tambayar ƙarshe “e” ce, kada ka shiga, ko nawa ne albashin. Ofishin da ke haɗa wa kamfani lissafi biyu, ɗaya na banki ɗaya na haraji, ko yake sayar da hatiminsa a kan rahoton da bai bincika ba, zai koya maka hannun da ba ya gyaruwa, kuma ranar da abin ya fashe rubutunka ne a takardun aikin.

10. Karɓi takardar ɗauka aiki ka karanta

Kada ka fara aiki da “zo Litinin, za mu yi magana”. Takardar ta ƙunshi muƙaminka, ranar farawa, albashi a rarrabe, tsawon zaman gwaji, wa’adin sanarwar barin aiki, hutun shekara, hutun karatu da sharaɗin zama in akwai. Duk abin da aka yi maka alkawari da baki a mataki na 4 da na 6 wanda ba ya ciki, ka roƙa a ƙara, ko ka aika imel na godiya ka jero su don ya zama a rubuce. Ka kai takardar gida ta kwana, ka nuna wa wani babba a sana’ar.

Ɗan bautar ƙasa ya nemi kamfanin ya rubuta wasiƙar neman a turo shi tun yana sansani, ya sanar da su ranar hidimar al’umma ta mako, ya kuma tambaya a fili ko suna riƙe masu bautar ƙasa bayan sun gama, da mutum nawa suka riƙe bara.

11. Wata ukun farko, da yadda ake fita

Juma’ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Sayi littafi mai kauri tun ranar farko. Duk Juma’a ka rubuta aikin da ka yi a makon, irin kamfanin ba tare da sirrinsa ba, awannin da ya ci, wanda ya duba, da gyaran da ya yi maka. Daga wannan littafin za ka cike fom ɗin cibiyarka. Buɗe asusun fansho ka ba su lambar, bayan wata biyu ka duba ko kuɗin na shiga.

A ƙarshen wata na uku ka buɗe littafin ka ƙirga. In ka samu daidaita lissafin banki, fita wurin abokin hulɗa ko rufe lissafin wata, da gyaran jan biro daga wanda ya fi ka, zauna ka daure wa gajiyar. In shafukan cike suke da aike da fotokwafi, nemi ganin oga, ka nuna masa littafin, ka roƙi a haɗa ka da tawagar da za ta fita aiki na gaba. Ba shi wata uku. In ba abin da ya sauya, fara nema a hankali kana kan aikinka, kuma ka daidaita fitarka ta zo bayan Yuni, lokacin da matsi ya lafa, domin wanda ya tafi a tsakiyar Fabrairu ya bar tawaga da fayil a buɗe ba ya samun shaida mai kyau. Ba da sanarwa gwargwadon wa’adin da ke takardarka, miƙa fayiloli da kwamfuta a rubuce, sannan kafin ranarka ta ƙarshe ka karɓi wasiƙa a kan takardar kamfani mai ɗauke da ranar farawa, ranar gamawa, ayyukan da ka yi, da sunan mai kula da kai da lambarsa ta mamba, da sa hannunsa.